An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Katnif Ba Wiwin Kyanwa Ba Ne

Duk mai bibiyar bidiyoyin dabbobi a TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irinsa. An barbaɗa wani busasshen ganye a kan darduma, kyanwa ta zo ta shinshina, ta lasa, ta goga kumatunta, sannan ta kife tana birgima, idanu a lumshe, miyau na dalala. A ƙarƙashin bidiyon an rubuta da Turanci abin da za a fassara da “wiwin kyanwa”. Laƙabin ya samu gindin zama har wani kamfani a Amurka ya raɗa wa hajarsa suna Meowijuana, wato ya cuɗa kukan kyanwa da sunan tabar wiwi a kalma ɗaya.

Sunan ganyen katnif. Laƙabin kuwa ƙarya ne, kuma ƙarya mai tsada, domin ta raba masu kiwon kyanwa gida biyu. Gida na farko na ganin duk wanda ya ba kyanwarsa ganyen azzalumi ne, ya ɗora dabbar da ba ta ji ba ba ta gani ba a kan hanyar shaye-shaye. Gida na biyu ya mai da abin wasan kwaikwayo: a juye wa kyanwa gwangwani guda, a kunna kyamara, a jira 'yan kallo. Ana cikin wannan ja-in-ja, abubuwan da ke kashe kyanwa da gaske suna nan zaune a cikin durowa da ƙarƙashin gado, babu mai ɗaga musu murya. Yanzu da ake samun gidaje a Kano da Kaduna da Abuja masu kiwon kyanwa don ƙauna, ba don kamun ɓera kaɗai ba, kuma ake iya sayen ganyen ta intanet, lokaci ya yi da za a ajiye kowace magana a muhallinta.

Ganyen da abin da yake yi

Katnif tsiro ne daga dangin na'a-na'a, dangin da ɗaɗɗoya ma ta fito daga cikinsa. Masana tsirrai na kiransa Nepeta cataria, Larabawa kuwa a harshensu na'a-na'ar kyanwa suke ce masa. Asalinsa Turai ne da Gabas ta Tsakiya da tsakiyar Asiya. Turawa suka kai shi Arewacin Amurka, inda a yau yake fitowa da kansa a bakin hanya kamar kowace ciyawa. Tun kafin ya zama kayan wasan kyanwa, mutanen Turai sun daɗe suna dafa shi suna sha kamar shayi, don kwantar da ciki da neman barci.

Sirrinsa na cikin wani mai mai ƙamshi da ke taruwa a jikin ganyen da karansa, wanda ke tashi cikin iska da zarar an murje ganyen. A 1941 Samuel McElvain da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka ware sinadarin da ke cikin man, wanda ake kira nefetalakton.

Abin da ke biyo baya idan kyanwa ta shaƙe shi yana da tsari, kusan iri ɗaya a ko'ina. Takan fara da shinshina, ta koma lasa da tauna, ta goga haɓa da kumatu a jikin ganyen, daga nan ta kwanta ta yi ta juyi. Wata takan yi tsalle-tsalle tana farautar abin da babu shi, wata kuma ta lafe shiru kawai. Duka-duka abin bai wuce minti 5 zuwa 15 ba. Sai ta tashi ta karkaɗe jiki ta yi tafiyarta, kuma ko an sake tura mata ganyen gaban hanci ba za ta kula shi ba sai bayan rabin awa, wani lokaci har awa biyu.

Ba kowace kyanwa abin ke kamawa ba. A wani bincike da Sebastiaan Bol da abokansa suka wallafa a 2017 a mujallar BMC Veterinary Research, an gwada kyanwoyi 100, aka tarar kusan ɗaya cikin uku ba su damu da katnif ba. Tun a 1962 Neil Todd, wanda yake Jami'ar Harvard a lokacin, ya nuna cewa abin gado ne, daga iyaye ake samo shi. 'Ya'yan kyanwa da ba su wuce wata biyu zuwa uku ba ma ba ya motsa su. Zaki da damisa kuwa, a gidajen namun daji, sukan yi birgima a kansa tamkar kyanwar gida. Kare bai ma san ana yi ba.

Katnif yana da takwara a gabashin Asiya, wani tsiro mai yaɗo daga dangin kiwi da Japanawa ke kira matatabi. Tun a 1704 wani masanin tsirrai na Japan ya rubuta yadda kyanwa ke rawar jiki a kansa. A binciken Bol kusan kashi 80 cikin 100 na kyanwoyin sun amsa kiran matatabi, ciki har da mafi yawan waɗanda katnif bai taɓa su ba. Daga nazarin wannan takwaran ne aka samu mafi ingancin bayanin abin da ke faruwa a jikin kyanwa.

Hanci ne ƙofar

Tambayar farko ita ce ta ina sinadarin ke shiga. A 1985 Hart da Leedy, masu bincike a Jami'ar California da ke Davis, suka amsa ta: ta hanci ne, ta jijiyoyin jin ƙamshi na yau da kullum. Kyanwar da ta rasa jin ƙamshi ba ta birgima. Ke nan abin da ke motsa ta saƙo ne da hanci ya aika wa ƙwaƙwalwa.

A Janairun 2021 wata tawaga ƙarƙashin Masao Miyazaki na Jami'ar Iwate a Japan, tare da ɗalibarsa Reiko Uenoyama, ta wallafa sakamakon aikinta a mujallar Science Advances. Sun gano cewa babban sinadarin matatabi shi ne nefetalaktol, ɗan'uwan nefetalakton na kusa. Sun auna jinin kyanwoyi kafin shaƙa da kuma bayanta, suka ga beta-endofin ya ƙaru. Wannan sinadari ne da jiki ke ƙerawa da kansa don rage zafin ciwo da sa jin daɗi, kuma a jikin ɗan Adam ma yakan ƙaru bayan motsa jiki mai tsanani. Da suka yi wa kyanwoyin allurar nalokson, maganin da ke toshe ƙofofin da endofin ke bi, sai birgimar ta tsaya.

A nan ne gida na farko ke da hujjarsa mafi ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe ta yadda take. Ƙofofin da endofin ke bi su ne dai waɗanda mofin da kodin da tiramadol ke bi. Nalokson kuwa shi ne maganin da ake ceto wanda ya sha irin waɗannan ƙwayoyi fiye da ƙima da shi. To, in ƙofa ɗaya ce, me ya raba su?

Wanda ke riƙe da mabuɗin ne ya raba su. Mai shan tiramadol yana zuba wa jininsa baƙon sinadari daga waje, gwargwadon abin da hannunsa ya ɗiba. Jiki ya saba, ya nemi ƙari, in aka hana shi ya shiga azaba. Kyanwar da ta shaƙi katnif jikinta ne ke sakin abin da shi ya ƙera, a ma'aunin da ya tsara, sannan ya rufe famfon. Shi ya sa take juya wa ganyen baya bayan kwata ɗaya na awa, alhali yana nan zube a gabanta. Ɗan ƙwaya ba ya barin kwalba rabi ya koma inuwa yana lasar tafin hannu don ta gundure shi.

Tawagar ta Iwate ta koma kan wannan tambaya kai tsaye. A 2023 ta wallafa a mujallar iScience sakamakon bin diddigin kyanwoyin da ake ba matatabi akai-akai, wasu har tsawon shekara uku. Ba a ga alamar jaraba a halayensu ba, gwajin jini kuma bai nuna lahani a hanta ko ƙoda ba. A kan matatabi aka yi wannan aiki, amma sinadaran tsirran biyu 'yan gida ɗaya ne, kuma sakamakon ya yi daidai da abin da likitocin dabbobi suka daɗe suna gani game da katnif: kyanwar da aka daina ba ganyen ba ta rama, ba ta karkarwa, ba ta ƙauracewa abinci.

Inda laƙabin ya samo asali

Danganta katnif da wiwi ya girmi intanet. A shekarun 1960 wasu matasan Amurka sun riƙa naɗe shi a takarda suna busawa, suna neman abin da ake samu a wiwi a farashi mai rahusa. A 1969 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga wata maƙala mai cewa katnif na jirkita hankali kamar wiwi. Sai dai an rikita sunayen hotunan da suka raka maƙalar, aka nuna wiwi da sunan katnif. An rubuto wasiƙun gyara, amma magana ta riga ta fita. An ce ƙarya fure take yi ba ta 'ya'ya, to furen wannan ya haura shekara 50 bai kaɗe ba.

Kama da wane ba ta wane. Sinadarin da ke bugarwa a wiwi, THC, yana shiga jini ya kama wasu ƙofofi na daban a ƙwaƙwalwa, kuma ga kyanwa guba ne. Takan yi tangaɗi, fitsari ya kufce mata, jikinta ya yi sanyi, wani lokaci ta suma, kuma abin kan ɗauki awoyi masu yawa kafin ya sake ta. A nan haɗarin laƙabin ya fito fili. Matashin da ya ji ana cewa kyanwa na da wiwinta yana iya hura mata hayaƙin na gaskiya a fuska, don ya ga ko za ta yi irin birgimar da ya gani a waya. Abin da zai gani dabba ce a firgice, ba ta san abin da ya same ta ba, ba ta kuma da hanyar tashi ta bar wurin.

Fargabar da kalmar maye ke tayarwa a Arewa ba ta banza ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. A 2018 gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC kan yadda yake cin matasa. Uwar da ta ga abin da kwalbar nan ta yi wa ɗan maƙwabta tana da dalilin ɗaure fuska idan aka ambaci wiwi a gidanta, ko da an ce na kyanwa ne. Amma girman masifar ne ma ya sa bai kamata a yi araha da sunanta ba. Duk lokacin da aka kira birgimar minti goma shaye-shaye, an rage wa kalmar nauyi, an kuma koya wa yaran da ke kallon bidiyon cewa buguwa abin dariya ce.

Me kyanwa ke samu?

Tsiron dai ba don kyanwa yake ƙera sinadarin ba. A 1964 Thomas Eisner na Jami'ar Cornell ya nuna cewa nefetalakton yana korar ƙwari iri-iri, wato garkuwa ce da tsiron ke kare ganyensa da ita. A 2021 masu bincike daga jami'o'in Northwestern a Amurka da Lund a Suwidin suka gano yadda yake yi. Yana tsokanar wata ƙofar jin raɗaɗi a jikin sauro da ƙuda mai suna TRPA1, irin ƙofar da barkonon tsohuwa ke tsokana a jikin mutum, sai ƙwaron ya juya da baya. Wanda ya taɓa ganin an ajiye ɗaɗɗoya a ɗaki saboda sauro ba zai yi mamakin wannan dangi ba.

Tawagar Iwate ce ta haɗa zaren biyu. Ta lura cewa birgimar tana da manufa, kyanwa ƙoƙarin shafa sinadarin take yi a fuskarta da gashinta. Da aka liƙa takardar da aka jiƙa da shi a bango ko rufin keji, sai kyanwoyin suka riƙa miƙewa suna goga fuska a jikinta, ba su kwanta sun yi juyi a ƙasa ba. Da aka gwada da sauro, wanda ya sauka a kan kyanwar da aka shafa wa sinadarin kusan rabin wanda ya sauka a kan wadda ba a shafa wa ba ne. A 2022 suka ƙara da cewa taunar ma tana da aiki, domin ganyen katnif da aka yayyaga yana fitar da sinadarin ninki 20 na wanda ba a taɓa ba.

Dabbar da ke farauta ta hanyar laɓewa cikin ciyawa babu motsi tana buƙatar abin da zai hana sauro damunta. Wannan ita ce fassarar da masu binciken suka bayar, kuma ta fi labarin buguwa ma'ana nesa ba kusa ba. Sai dai kada a wuce gona da iri. Sauron da aka yi gwajin da shi Aedes albopictus ne, ba Anopheles mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro ba. Tukunyar katnif a bakin taga ba za ta maye gurbin gidan sauro mai magani ba, haka nan ba za ta ɗauke wa kyanwa rigakafin da likitan dabbobi ke bayarwa ba.

Aminci yana da iyaka

Saura gida na biyu, masu gwangwani da kyamara. Hujjarsu ita ce ganye ne da ke fitowa daga ƙasa, ba haɗin bature ba, don haka ba ya cutarwa. Zaƙami ma daga ƙasa yake fitowa, kuma kowa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha shi. Amincin katnif ya tabbata ne ta gwaji da doguwar lura, kuma yana da sharuɗɗa.

Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta sa katnif a jerin tsirran da kan iya cutar da kyanwa, dalilinta kuwa amai ne da gudawa. Shaƙa daban, ci daban. Abin da yatsu biyu za su ɗiba, ko a yawaita ƙaramin cokalin shayi guda, ya ishi kyanwa, sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya juye gwangwani bai ƙara mata daɗi ba, tunda jikinta ne ke yanke iyaka. Ya dai ƙara mata abin da za ta haɗiye ta kwana tana amai. Ɗaure ganyen a cikin tsohuwar safa mai tsabta ya fi barbaɗa shi a ƙasa, sai a tabbatar babu zare ko ƙyalle mai warwarewa, domin zaren da kyanwa ta haɗiye yana iya sarƙe mata hanji.

Wurin ma abin dubawa ne. Kyanwar da ke juyi ba ta duba gefe, saboda haka bakin rijiya da saman bene da kusa da murhu ba wurin katnif ba ne. Wasu kyanwoyin, musamman muzurai, abin kan sa su faɗa, don haka a gidan da ke da fiye da ɗaya a fara gwada kowace ita kaɗai, kuma a hana yara kai hannu sai ta dawo daidai. Likitocin dabbobi kan ba da shawarar a ƙaurace masa ga mai ciki da wadda ta taɓa yin farfaɗiya. Tataccen man katnif na cikin kwalba kuwa wani abu ne daban. Ƙarfinsa ya ninka na ganyen sau da yawa, kuma hantar kyanwa ba ta jure tatattun mayukan tsirrai. Ba a ɗiga mata shi a baki, ba a shafa mata a fata. Ƙullin da ba shi da suna ko adireshi, ko wanda ya yi fumfuna, shara ce makomarsa. Mai kyau ma zafi da hasken rana na cinye ƙamshinsa, sai a adana shi a rufaffen mazubi cikin firij.

Babban sharaɗin shi ne zaɓi. A ajiye ganyen, a ja da baya, a bar mata hanyar fita. In ta zo, to. In ta wuce, wataƙila tana cikin ɗaya bisa ukun nan da ba ruwansu. Kyanwar da aka danne aka cusa wa ganyen a hanci don bidiyo ya yi armashi an zalunce ta, ko da ganyen ba ya kisa.

Haka nan katnif ba magani ba ne, duk da abin da masu talla ke faɗa. Yana taimakawa wajen koya wa kyanwa karce itacen da aka tanadar mata maimakon kujerar falo, ko sa ta saba da kejin da ake kai ta asibiti a ciki. Amma wadda ta ɓuya a lungu ta daina cin abinci kwana biyu, ko muzurun da ke ta yunƙurin fitsari ba ya fita, likita suke buƙata a ranar. Toshewar fitsari na iya kashe muzuru cikin kwana biyu zuwa uku.

Jakin da aka bari

A mafi yawan gidajen da ake muhawara kan katnif akwai farasitamol. Ga mutum maganin ciwon kai ne, ga kyanwa kuwa yana cikin mafi munin guba. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum ke amfani da shi wajen narkar da maganin ta fitar da shi, kuma masana na danganta wannan da kasancewarta mai cin nama zalla tun asali. Illa na iya farawa daga miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinta. Kyanwa mai kilo 4 ke nan miligiram 40 ya isa ya taɓa ta, ƙwaya ɗaya ta manya kuwa miligiram 500 ce, fiye da ninki goma sha biyu. Jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafukan ƙafa su kumbura, numfashi ya gagara. Akwai makari, amma sai an kai ta ga likita da wuri. Abin takaicin shi ne sau da yawa mai ita ne ke ba ta da hannunsa, don ya taɓa ta ya ji zafi, ya tausaya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na biyu shi ne maganin ƙuma da kaska na karnuka mai ɗauke da fametirin. Kare na jure shi, kyanwa kuwa in aka ɗiga mata a wuya sai karkarwa da jijjiga, wani lokaci mutuwa. Ko gogar jikin karen da aka ɗiga wa yanzu-yanzu na iya cutar da ita. Sai fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari masu daikilobos, waɗanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da su a 2019, amma har yanzu ake yayyafa su a ɗakunan kwana. Kyanwa ta taka, ta koma gefe ta lashe ƙafarta, domin ita da harshe take wanka. Ta wannan hanyar ce kuma magungunan goge ƙasa masu komawa fari kamar madara idan an zuba su a ruwa ke shiga cikinta. Shinkafar ɓera na kama ta ta hanya biyu, ko ta ci kai tsaye ko ta ci ɓeran da ya ci.

Kicin ma bai tsira ba. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma ragowar miyar da ake juye mata da kyakkyawar niyya ba ta rasa su. Furannin lili da ake haɗawa a damin furen biki kuwa, ɗan guntun ganyensu, ko garin furen da ya zuba mata a gashi ta lashe, ya isa ya kashe mata ƙoda.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da bidiyo mai ban dariya ko laƙabi mai jan hankali, shi ya sa ba a tattauna su. An tsaya ana auna halaccin ganyen da mafi munin abin da yake jawowa shi ne amai, an bar ƙwayar da guda ɗaya ke kisa a kan teburin gefen gado.

Haƙƙin wadda aka rufe

Kyanwar da ke yawo a unguwa tana da katanga da bishiya da ƙadangare, ranarta cike take. Wadda aka saya da tsada aka kulle a ɗaki don gudun ɓarayi da motoci ta tsira daga waɗannan, amma ta rasa kusan duk abin da aka halicci hancinta da faratanta dominsa. Irin wannan zaman kan haifar da ƙiba da yawan lasar jiki har gashi ya zube da ɓarnar kayan ɗaki. Wanda ya rufe dabba ya ɗauki nauyin cika mata ranarta: wurin hawa, abin karcewa, wasan farauta da ɗan tsumma a bakin sanda, da ƙamshin da zai motsa ta. Katnif ɗaya ne daga cikin waɗannan, mai araha, kuma wanda aka fi sanin yadda yake aiki fiye da yawancin abin da ake sayar wa masu kyanwa.

Saboda haka mai hana shi don tsoron maye yana hana dabbar wani ɗan jin daɗi ne a kan hujjar da ba ta tsaya ba, mai juye shi don 'yan kallo kuma ya mai da amanar da ke hannunsa abin nishaɗin wasu. Aikin da ke gaban su biyun ɗaya ne, kuma ba daga ganyen yake farawa ba. A kwashe farasitamol a kulle, a gaya wa kowa a gidan har mai aiki da yara cewa ba a ba kyanwa maganin mutane, a karanta takardar duk wani maganin ƙuma kafin a ɗiga, a nemi lambar likitan dabbobi mafi kusa tun kafin buƙata ta taso. In an gama wannan, a ɗaure ɗan ganyen a safa a ajiye mata a tsakar ɗaki, a bar ta ta yi abin da ta ga dama da shi.